Wace Amina Muke Raɗa wa 'Ya'yanmu?

Makonni uku da suka wuce aka yi suna a gidan ƙanena. Bayan an idar da sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zagaya da goro da dabino, liman ya karkata kunne wajen uban jaririya, aka shafa fatiha, sai maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a cewa yarinya ta ci sunan Amina. Sunan mahaifiyarmu ne, Allah Ya jiƙanta da rahama. Kafin a gama fiɗar rago mata sun riga sun sakaya sunan a cikin gida, sun ce Ummi za a riƙa kiranta, domin babu surukar da za ta buɗe baki ta kira sunan uwar mijinta gatsau.

Da na shiga yi wa mai jego barka, sai na tarar da 'yar gardama tsakanin gwaggonmu da wani ɗan yayata da ke karatu a jami'a. Shi ya leƙa fuskar jaririya ya ce, "Gwaggo, Sarauniyar Zazzau ce fa ta dawo." Ita kuwa ta ɗago kai ta ce, "Wace sarauniya, ɗan nan? Sunan mahaifiyar Manzon Allah ne. Allah dai Ya sa ta gaji mai sunan." Aka ce amin, aka ci gaba da hidima. Ni dai maganar ta bi ni har gida. Hausawa sun ce suna linzami ne. To, idan haka ne, ina muke so linzamin nan ya ja yarinyar? Kusan babu zuri'ar da ba ta da Amina a ƙasar nan, amma da wuya ka sami uban da ya taɓa zaunar da 'yarsa ya ba ta labarin takwarorinta.

Gwaggo ce ke da gaskiyar asali. A Larabci sunaye biyu ne harshenmu ya haɗe su wuri guda. Akwai wanda ake jan harafinsa na farko, ma'anarsa wadda take cikin aminci, shi ne sunan Aminatu 'yar Wahabu, mahaifiyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Akwai kuma wanda ake jan tsakiyarsa, ma'anarsa mai riƙon amana. Mu duka Amina muke cewa, kuma ban ga laifin hakan ba, don duka ma'anonin biyu abin so ne ga ɗiya mace.

Abin da yake damuna shi ne yadda muke taƙaita labarin wannan baiwar Allah a kan haihuwa kawai, kamar daga nan aikinta ya ƙare. 'Yar ƙabilar Banu Zuhra ce daga Ƙuraishawa. Mijinta Abdullahi ya rasu tana ɗauke da ciki, ta haihu tana bazawara mai ƙuruciya, a garin da maraya ba shi da wata daraja sai wadda danginsa suka ba shi. Da yaron ya kai shekara shida ta ɗauke shi suka yi tafiyar da ta haura kilomita 400 zuwa Yasriba, garin da daga baya ya zama Madina, inda kabarin mahaifinsa yake kuma inda dangin kakansa na wajen uwa suke. A hanyar dawowa ciwo ya kama ta, ta rasu a Abwa'i, Ummu Aimana mai renonsa ce ta riƙo hannun yaron ta kai shi Makka wajen kakansa Abdulmuɗɗalibi. Duk lokacin da na karanta wannan wuri a littattafan sira nakan tsaya. Mace ce da ta ratsa sahara a kan raƙumi don ɗanta maraya ya san inda mahaifinsa yake kwance, ya san danginsa. Wanda ya raɗa wa 'yarsa wannan suna ya ɗora mata sunan mace mai ɗaukar nauyi, mai yanke shawara, mai sadar da zumunci ko da tafiyar za ta ci ranta.

Amina ta biyu ita ce wadda ɗan yayata ya ambata, ita ce kuma muka fi yin tinƙaho da ita. Sunanta na kan ƙofar makarantar 'yan mata ta Kakuri a Kaduna, yana kan ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, an yi mutum-mutuminta a kan doki a gaban babban ɗakin wasannin ƙasa da ke Legas. Duk ranar mata ta duniya sai an ambace ta a jawabi. Amma tambayi mai jawabin abin da aka rubuta game da ita, sai ka ga ya fara inda-inda.

Ga abin da ke rubuce. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ya ƙara da cewa a zamaninta ne kayan ƙasashen yamma suka shigo ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri, ya ce ta rinjayi Katsina da Kano, kuma ta rasu a Atagara, wurin da ake dangantawa da yankin Idah a jihar Kogi ta yau. Labarin baka na Zazzau kuwa ya ce 'yar Bakwa Turunku ce, yayar Zariya wadda birnin ya ci sunanta, abin da ya sa wasu masana suka matsar da zamaninta zuwa ƙarni na 16. Har yau malaman tarihi na muhawara a kan ko ta hau gadon sarauta ne ko kuwa gimbiya ce mai jagorantar rundunar yaƙi, tunda jerin sarakunan Zazzau da aka fi sani bai kawo sunanta ba.

Wannan muhawara ba ta rage mata komai a idona. Abin da na fi so mu lura da shi shi ne goron nan 10,000. Mu da muka buɗe taron sunan nan da goro, muke neman aure da goro, muke gaisuwar mutuwa da goro, ya kamata mu gane abin da marubucin Tarihin Kano yake faɗa mana. Yaƙe-yaƙen Amina sun buɗe hanyoyin fatauci ne zuwa kudu da yamma. Ganuwoyin da har yau ake kira ganuwar Amina kuwa kariya ce ga kasuwa da gona da masu sana'a, kuma kowace ganuwa tana da ƙofofin da ayari ke shiga da fita. Shugaba ce da ta fahimci cewa arzikin ƙasa yana bin hanya mai aminci. Amma me ya fi yawo a bakin mutane? Tatsuniyar nan da ke cewa a duk garin da ta ci takan zaɓi namiji ta kwana da shi, da safe a kashe shi. Babu wannan a Tarihin Kano, amma shi yara suka fi sani. Ina ganin akwai abin dubawa a cikin al'ummar da ta mance hanyar goro ta riƙe wannan. Kamar dai mun kasa yarda mace za ta iya riƙe ƙasa sai mun laƙa mata wani abin tsoro ko abin kunya.

Da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a 2021, 'yan Arewa da yawa sun yi ta ƙorafi a kan sutura da harshe da yadda aka juya tarihi. Na yarda da yawancin ƙorafin. Sai dai kuma masana'antarmu ta Kannywood ta haura shekara 30 tana fitar da finafinai, muna da marubuta, muna da attajirai, muna da masarautar da tarihin yake hannunta. Wanda ya bar gonarsa ba shuka, bai kamata ya yi mamakin abin da ya tsiro a cikinta ba.

Yanzu bari in kai mai karatu Alƙahira, wajen wata Amina da ba a taɓa haifa ba, amma ta fi mutane da yawa rai. Najib Mahfuz, marubucin Masar da ya ci kyautar Nobel a 1988, shi ya ƙirƙire ta a littattafansa uku da suka fara da Bainal Ƙasraini a 1956. Matar wani ɗan kasuwa ce, Sayyid Ahmad Abdul Jawad. An kai ta gidansa tana 'yar shekara 14 ko ƙasa da haka. Labarin ya buɗe ne da ita ta farka da tsakar dare, kamar kullum, tana leƙen titi ta ramukan tagar katako, tana jiran maigida ya dawo daga yawon darensa don ta haska masa matakala da fitila, ta cire masa takalmi. A waje mutum ne mai fara'a da shaye-shaye da neman mata, a gida kuwa ko 'ya'yansa maza ba sa iya haɗa ido da shi. Shekara 25 tana gidan ba ta fita sai in shi ya kai ta gaida mahaifiyarta.

Wata rana ya yi tafiya zuwa Fot Sa'id. 'Ya'yanta suka lallashe ta ta je ziyara masallacin Husaini, wanda take hango hasumiyarsa daga soron gidanta shekara da shekaru, tana begensa, ba ta taɓa taka ƙofarsa ba. Ta fita da autanta Kamal. A hanyar dawowa jiri ya ɗebe ta, mota ta buge ta, ƙashin kafaɗarta ya karye. Maigida ya dawo, ta faɗa masa gaskiya don ba ta iya yi masa ƙarya. Ya yi shiru har ta warke, sannan ya ce ta tattara ta tafi gidan uwarta. Har yau a Masar idan aka ce wa namiji Si Sayyid an san mai mulkin mallaka a gida ake nufi, idan aka ce wa mace Amina an san wadda ba ta da ta cewa ake nufi.

Ba na so a ɗauka raina wannan mata nake yi. Duk wanda ya karanta littattafan ya san ita ce ginshiƙin gidan. Da aka kore ta na 'yan kwanaki, gidan ya zama kamar kango. Ita ta haɗiye baƙin cikin ɗanta Fahmi da sojojin Ingila suka harbe a zanga-zangar 1919, ta ci gaba da riƙe sauran. Haƙurinta da imaninta na gaske ne, kuma na san irinta da yawa a unguwarmu, wataƙila mahaifiyata ma tana da wani yanki na halinta. Abin da nake ƙi shi ne zaluncin da aka gina a kan wannan haƙuri. Mutumin da ke raba dare a gidan rawa shi ne ya hukunta matarsa don ta je masallaci. Mahfuz Musulmi ne da ya tashi a waɗannan lungunan, ya san abin da ya rubuta, kuma duk Bahaushen da ya karanta zai ji kamar a bayan gidansu aka yi abin. Mun san mazan da ke kafa hujja da addini wajen kulle, amma ba sa tuna addinin idan aka zo maganar ciyarwa da adalci da ilimin iyali da tsare kai daga alfasha.

Akwai wata ta cikin littafi da nake so in ambata a gurguje, saboda abin da aka yi wa sunanta. Marubucin Kanada Lawrence Hill ya fitar da labari a 2007 a kan Aminata Diallo, yarinya Musulma 'yar shekara 11 da aka sace daga wani ƙauye kusa da Segu, a ƙasar Mali ta yau, aka sayar da ita a Amurka. A can aka gutsure sunan ya koma Mina, don bakinsu ya kasa ɗaukarsa. Abin da ya cece ta shi ne ungozomancin da ta koya wajen uwarta da kuma karatu da rubutu da ta koya a ɓoye. A ƙarshe ita aka ba alƙalami ta rubuta sunayen baƙaƙen fatar da Turawan Ingila za su kwashe daga New York a 1783. Ita ƙirƙirarriya ce, amma kundin sunayen na gaske ne, yana ɗauke da sunaye kusan 3,000. Daga Senegal zuwa Mali Aminata suke cewa, mu mu ce Aminatu, suna ɗaya ne ya bi hanyar malamai da fatake ya bazu a yankin nan gaba ɗaya.

A cikin masu rai, wadda duniya ta fi sani ita ce Amina Mohammed, 'yar asalin jihar Gombe, wadda aka haifa a 1961, ta yi karatun farko a Kaduna da Maiduguri. Ta yi wa shugaban ƙasa aiki a kan muradun ƙarni tun zamanin Obasanjo, inda aka ɗora mata kula da kuɗin da Nijeriya ta samu daga yafe bashi. Ta zama Ministar Muhalli a 2015, sannan a 2017 ta kama muƙamin Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Janairun 2023 ita ta jagoranci tawaga zuwa Afganistan, ta je har Kandahar, ta zauna da shugabannin Taliban a kan hana mata karatu da aiki. Ta je musu a matsayin Musulma 'yar Arewacin Nijeriya, da ɗankwalinta da mayafinta, ba wanda zai ce mata ba ta san addinin ba ko ba ta san al'adar ba. Mutum na iya saɓa mata a siyasa, kuma akwai masu sukar wasu matakan da ta ɗauka tana minista. Amma ba mai musun cewa abin da ya kai ta wannan kujera ya faro ne daga ranar da mahaifinta ya sa ta a makaranta ya kuma bar ta ta ci gaba.

Sai kuma wadda ba ta nemi suna ba, bala'i ne ya fito da ita. A daren 14 ga Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, suna shirin jarrabawar ƙarshe. Bayan waɗanda suka kuɓuta a kwanakin farko, sai da aka yi shekara biyu cur ba a ga ko ɗaya ba. A watan Mayun 2016 'yan sa-kai suka tsinci ta farko a bakin dajin Sambisa, tana goye da jaririya. Sunanta Amina. Na tuna ranar da na ji a rediyo, na tuna yadda sunan ya dake ni, don a lokacin 'yata ta fari tana aji biyu na sakandare. Yarinyar nan iyayenta talakawa sun yi abin da ake ta roƙon iyaye su yi, sun kai ta makaranta, ƙasa ce ta kasa tsare ta. Sunan da ke nufin wadda take cikin aminci, ga inda muka bari ya kai ta. Kuma bayan Chibok an sake sace 'yan mata a Dapchi a 2018, an sake a Jangebe a 2021, kowane ɗaya ya ƙara wa uban da ke ƙauye hujjar cewa gara 'yarsa ta zauna a gida.

Wannan ne ya sa ba na jin daɗin jawaban da ake yi da sunan Sarauniya Amina. Asusun UNICEF ya daɗe yana faɗin cewa yara sama da miliyan 10 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma fiye da rabin 'yan mata ba sa halartar firamare. A cikinsu Amina nawa ce? Je ka tasha da hantsi ka kira sunan da ƙarfi, ka ga yara nawa masu farantin talla a ka za su waiwayo. Gwamnan da ya tsaya a gaban makarufo ya kira matan jiharsa jikokin Amina, alhali makarantar 'yan matan da ke ƙaramar hukumarsa ba katanga, ba malamar kimiyya, ba ruwa a banɗaki, ya ci amanar sunan. Haka uban da ya yanka rago biyu ranar suna, amma da yarinya ta kai aji uku ya ce karatun ya isa haka. Kuma kada wani ya ce mana karatun mata baƙon abu ne da Bature ya kawo. Nana Asma'u 'yar Shehu tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin Bature ya kafa mulkinsa a Sakkwato.

Na san akwai mai cewa suna suna ne kawai, kowa da ƙaddararsa. Gaskiya ne suna ba ya yi wa mutum karatu, kuma akwai masu wannan suna da suka yi abin kunya kamar yadda ake samu a kowane suna. Amma da ba mu yarda suna yana da tasiri ba, da ba mu tara mutane da asuba don a raɗa shi ba, da addini bai sa kyautata shi cikin haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa ba. Yaro yana girma ne da labarin da aka ba shi game da kansa. Yarinyar da aka gaya wa tun tana ƙarama cewa takwararta ta ratsa sahara da maraya, wata takwarar ta buɗe hanyar goro, wata tana zaune a teburin da ake yanke wa duniya shawara, ba za ta ɗauki kanta kamar wadda ba a taɓa gaya wa komai ba. Ya kamata kuma a ba ta labarin ta Alƙahira idan ta yi hankali, don ta san bambancin haƙuri da yarda da zalunci. 'Yan'uwanta maza ma a ba su, su ne ma suka fi bukatar jin sa.

Kafin in bar gidan sunan na ja ƙanena gefe na ce masa, "Ka ɗauko suna mai nauyi. Ragon nan shi ne mafi sauƙin abin da za ka biya." Ya ce in Allah Ya yarda har jami'a. Na ce Allah Ya ba da iko, kuma zan tuna masa idan lokacin ya zo.

Kai ma mai karatu, idan akwai Amina a gidanka, 'ya ce ko ƙanwa ko jika, kira ta yau da daddare bayan sallar isha'i ka tambaye ta ko ta san masu sunanta. Idan ba ta sani ba, ka zauna ka ba ta labari. Ranar Litinin kuma ka tabbatar tana cikin aji.